Bangon Yamma

A bazara Jega tukunya ce,
mu ne tuwon, rana ke tuƙi.
Kwanon da na rufa wa gidana da kuɗin adashe
yana ƙas-ƙas da azahar
kamar ana tauna ƙashi a bisa kaina.

Na sayo na'urar sanyi, 'yar kwatano,
a wani shago bayan tasha.
Tsohuwa ce, nishinta na saniya mai naƙuda.
Kwana huɗu muka yi barcin masu kuɗi.
Ran na biyar mita ta soma kuka,
tsit, tsit, da jan idonta a jikin bango.
Abin da na loda mata na wata guda
ta lashe kamar akuya ta faɗa buhun dusa.

Kulu ta ce, Malam, sanyin da kake saye
ta ƙarƙashin ƙofa yake ficewa,
na ji shi a duga-dugaina tun daga tsakar gida.
Ruwa kake ɗiba da kwando.
Na juya mata baya.
Gaskiyar tsakar dare ɗaci gare ta.

Nomau magini ya zo ɗinke tsagar katanga.
Ban tambaye shi ba. Ya dafa bangon yamma,
ya janye hannu kamar ya taɓa tanda.
Ya ce, wanga bango rana shika sha tun azahar,
in dare ya yi ya amayar muku da ita.
Injinka bai da laifi, Malam,
ka aike shi kokawa da ƙato uku,
rufi, da bango, da ƙofa mai baki buɗe.

Ya hau bisa da bokitin farar ƙasa,
ya mayar da kwanon nan fari fat
har 'yan unguwa suka ce ko masallaci zan buɗe.
Ɓuntun shinkafa da ake zubarwa bayan injin casa
muka ɗura a buhu, muka jera bisa silin.
Tsohuwar tayar keke ta zama leɓen ƙofa.
Da na ciro ragar na'urar don in wanke,
ashe bargo take lulluɓe da shi na datti,
shi ya sa take nishi, baiwar Allah.

Ya ce in rufe tagogi tun da hantsi,
in buɗe bayan isha, iskar fadama ta shigo kyauta.
Lambar kuma in ɗaga ta, in bar fanka ta taya.
Ɗaki kake so, in ji shi, ko ɗakin ajiye kifi?

Sai na tuna soron kakata a Kimba,
bango kamu biyu, azara, jar ƙasa,
randa a lungu tana gumi.
Na taɓa yi masa dariya da na sami albashi.
Bai taɓa neman ko kwabo a hannun kowa ba.

Yanzu mita tana kai mu ƙarshen wata
har ta bar ɗan saura, kamar baƙo mai kunya.
Da ɗari ya zo, ɓuntun nan bai sauya hali ba,
ya riƙe mana ɗumin numfashinmu,
kaskon gawayi ya kwana a waje.

Saura abu guda.
Darbejiyar da Nomau ya dasa gindin bangon yamma
ba ta wuce gwiwata ba.
Akuyar maƙwabta ta cinye kanta sau biyu.
Ya ce wannan na'urar ba ta gaggawa,
ba kuma ta sanin mita.
Tumba, autata, ita ke ba ta ruwan alwala,
kullum ta auna ta da tsawon hannunta
ta zo ta ce mini, Baba, inuwar ta kusa.